Sharhi kan motar yawon buɗe ido zuwa ƙauyen Bibury

Ga wanda ya je Ingila yana son ganin karkara ba tare da hayar mota ba, ƙananan motocin yawon buɗe ido da ke tashi daga Oxford zuwa yankin Cotswolds suna biyan buƙata. Wadda na shiga tana da tsabta, kuma direban shi ne jagora, yana bayani cikin natsuwa a kan hanyoyin da motoci biyu ke wuce juna da ƙyar.

Zangon da ya ci kuɗinsa shi ne Bibury, inda kogin Coln ke bin gefen hanya, ruwansa garau har ana hango kifi a ƙasa. Jagoran ya kai mu Arlington Row, jerin gidajen dutse da aka gina wajajen 1380 don ajiye ulu, kafin a mayar da su gidajen masaƙa a ƙarni na 17. Gansakuka ta hau rufinsu, kuma har yanzu akwai mazauna ciki.

Aibin tsarin shi ne gaggawa, domin ba a ba mu lokacin shiga gonar kifin da aka kafa a 1902 ba. Mai gudun cunkoso gara ya nemi motar sassafe.