Funeral for Justice ko Tears of Injustice? Ga wanda zan ce ka saya

Ɗan'uwa, cikin kundaye biyun nan na Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa ɗan Nijar mai kaɗa jita, da kake tambaya a kai, ɗauki Tears of Injustice. Duka biyun ina da su, kuma wanda ya fi shan juyi a gidana shi ne wannan.

Kusan waƙoƙi iri ɗaya ne a cikinsu. Funeral for Justice ya fito a watan Mayun 2024 daga kamfanin Matador na birnin New York, da jitar lantarki da ganguna masu ƙarfi. Tears of Injustice kuma ya biyo baya a Fabrairun 2025, aka sake rera waƙoƙin da jitar da ba ta lantarki ba. Dalilin yinsa ma abin tausayi ne. Shi da 'yan ƙungiyarsa suna tsakiyar rangadi a Amurka aka yi juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, aka rufe iyakoki, komawa gida ta gagara. Sai suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a Brooklyn, suka zauna wuri ɗaya suka yi ta kaɗawa. Daga baya da hanya ta buɗe, Ahmoudou Madassane, mai jita na biyu, ya ɗauko muryoyin 'yan amshi daga Nijar aka haɗa. Kewar gidan nan kana jin ta tun kafin a fassara maka kalma ɗaya ta Tamashek, harshen Abzinawa.

Ranar da na fara kunna shi a mota ina ɗauke da kawuna, dattijon da ko rediyo aka ƙara wa murya sai ya yi faɗa. Na miƙa hannu zan rage, ya ce in bari. Ya yi fatauci zuwa Agadas a ƙuruciyarsa, sai ga shi yana ba ni labarin yadda Abzinawa ke zama da dare ana dafa shayi ana tafi. Har muka isa bai gama ba, muka zauna cikin mota a ƙofar gida sai da waƙar Imouhar ta ƙare. Ita ce wadda Mdou yake kira ga mutanensa su riƙe harshensu.

Funeral for Justice ba laifi. Mutumin gwani ne, bahago ne kuma, hannunsa kamar walƙiya. Amma sai kana da lasifika ta kirki. A waya ƙara kawai za ka ji, kuma ni kaina yake sarawa kafin in kai ƙarshe.

Wanda ya ce maka ka bar su ka nemi kundin GNX na Kendrick Lamar, wannan wata kasuwa ce daban. Rap ne na Los Angeles, ya fito a Nuwamban 2024, kuma idan ba ka bin Turancinsu rabin daɗin ya wuce ka.

Sai ka yi hattara da masu tura waƙa a memori. Ta wannan hanya sunan Mdou ya fara yawo, bayan ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, don haka ba raina sana'ar nake ba. Amma wasu sai su cika maka da waƙoƙin wasu mawaƙan Abzinawa irin su Bombino da Tinariwen su ce sabon kundi ne, sautin ma duk ya dushe. Ka sa a kunna maka kafin ka biya, ka duba: Funeral waƙa 9 ne, Tears 8. Masu tallar faifai a intanet da ke cewa ka tura kuɗi kaya na hanya, kada ka tura musu ko sisi. In kana da katin da ke biya a waje, shiga shafin Mdou na Bandcamp, dandalin sayar da waƙoƙi a intanet, ka saurara tukuna, sannan ka saya a can.