Asibitin Ingila: ba a tambayar kuɗi, amma akwai jira

Assalamu alaikum Yaya. Ka tambaye ni yadda asibiti yake a nan Ingila, ganin yadda manyanmu ke tururuwa zuwa Landan ganin likita. To su asibitocin kuɗi suke zuwa. Na jama'a daban ne, NHS ake ce masa. An kafa shi a 1948, lokacin Aneurin Bevan na ministan lafiya, kuma da haraji ake tafiyar da shi. Ko tsakar dare aka kawo mutum jina-jina, ba mai cewa a yanki kati, ko a je a sayo safar hannu da ruwan ƙari, kafin a taɓa shi. Mu baƙi tun wajen neman biza muke biya, fam 1,035 a shekara kan kowane babba. Akwai nauyi, amma daga nan ba bambanci tsakaninka da ɗan ƙasa.

Kowa yana da rajista da likitan unguwa, GP, kuma sai ta hannunsa za ka ga ƙwararre. Kemis ba ya miƙa maka maganin kashe ƙwayoyin cuta don kawai ka riƙo kuɗi. Abin da likita ya rubuta fam 9.90 ne kowane magani, yara da masu ciki da waɗanda suka kai shekara 60 kuwa kyauta.

Inda gizo ke saƙar shi ne jira. Ƙarfe takwas na safe kowa ke kan waya yana neman ganin GP, kafin a ɗauka sau da yawa gurbin ranar ya cike. A ƙa'ida bai kamata jiran ƙwararre ya wuce mako 18 ba, amma a 2023 layin ya haura miliyan 7. Mai ciwon gwiwa yana iya cin shekara yana dogara sanda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Yaya, shi ne sikila. Duk jaririn da aka haifa, ranar da ya kwana biyar ana ɗan tsira masa allura a diddige a ɗauki jini. In an ga cutar, kafin ya cika wata uku an fara ba shi fenisilin kullum, iyaye kuma an koya musu alamun da za su sa a ruga asibiti. A 2023 ma an amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin halittar jinin mai cutar. Wannan ya fi ƙarfin aljihunmu, amma gwajin bai fi ba. Najeriya ta fi kowace ƙasa haihuwar masu sikila, mu kuwa sai yaro ya fara kumburin hannu yana kwana kuka muke sani, wani ma an rufe shi ana cewa zazzaɓi ne.

Tunda kai da maiɗakinka duk AS ne, wato kuna ɗauke da ƙwayar halittar sikila, don Allah idan ta sauka lafiya a nemi babban asibitin da ke gwajin jarirai a kai jaririn, kada a jira ya nuna alama. Kuɗin gwajin ni zan turo. A gaishe mini da Inna.