Kafin ka sayi laftof ta hannu

Duk wanda zai sayi laftof, tambayarsa ta farko ba ta wuce "HP ko Dell ko Lenovo?" Ni kuwa a ganina an fara tambayar daga wutsiya. Kowane ɗaya daga cikin kamfanonin nan yana ƙera kaya iri biyu, na gida da na ma'aikatu, kuma tazarar da ke tsakanin irin biyun ta fi tazarar da ke tsakanin kamfani da kamfani. Inspiron ta Dell, Pavilion ta HP da IdeaPad ta Lenovo an yi su ne don su burge ido a kanti da sauƙin kuɗi. Latitude, EliteBook da ThinkPad kuwa an yi su ne don kamfanonin da ke saye da yawa, su yi shekara uku ko huɗu suna aiki da su, sannan su sallame su. Waɗannan sallamammun su ne suka cika kasuwar ta hannu, kuma a cikinsu ya kamata ka zaɓa. Jikinsu ya fi ƙwari, kayan gyaransu ba su da wuyar samu, kuma sukurudireba kawai ake buƙata a buɗe yawancinsu.

ThinkPad ce na fi yarda da ita. IBM ya fara yin ta a 1992, Lenovo ya saye sashen a 2005, kuma har yau akwai littafin gyara na kowane samfuri a intanet, da zane, sukuru bayan sukuru. Madannanta ma sun fi daɗin rubutu. T480 ta 2018 misali ce mai kyau: gurbin RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) biyu ne, batir ma biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Sai dai ba duk ThinkPad ce haka ba. Siraran irin su X1 Carbon an like musu RAM a jikin bodi, wato babban faifan lantarkin da ke cikin kwamfutar, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Latitude tana biye da ThinkPad kafaɗa da kafaɗa, amma ka kula da caja. Cajar Dell mai zagayen baki tana da wani ɗan tsinke a tsakiya da kwamfutar ke gane ta da shi. In jabu ce ko tsinken ya lalace, kwamfutar za ta kunna amma batir ba zai hau ba, kuma ta riƙa jan ƙafa. Mutane da yawa sun sayi sabon batir alhali caja ce ke da laifi. EliteBook ma ba ta da abin kushewa.

MacBook zancenta daban. Tun da Apple ya fito da ƙwaƙwalwarsa ta M1 a 2020 batirinta ke daɗewa sosai, amma RAM da ma'ajiyarta duk a like suke, gyara kuma sai ƙwararre. Masu siraran madannan da ake kira malam-buɗe-littafi (butterfly) na 2015 zuwa 2019 sun yi ƙaurin suna wajen maƙalewa. Kada ka biya kuɗi sai mai ita ya fita daga asusunsa na iCloud a gabanka, in ba haka ba ka sayi abin ado.

Bayan suna sai shekaru. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 (wani ɗan guntun tsaro a cikin kwamfutar) da ƙwaƙwalwar Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ko, a laftof, Ryzen 3000 ta AMD zuwa sama. Don haka kalmar "Core i7" kaɗai kada ta ruɗe ka, dubi lambar da ke biye, farkonta ne ke nuna ƙarnin. i5-8250U mai ƙwaƙwalwa huɗu ta fi i7-7500U mai biyu gudu, duk da cewa ta biyun ce ke da babban suna. RAM kada ta gaza 8GB, ma'ajiya kuma SSD, wato mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa.

A wurin saye kada ka yi gaggawa. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa, ka ji ko mahaɗinsa yana ƙara ko robar gefen tana ɗagawa. Sa farin hoto ya cika allo, sannan baƙi, tabo da layi za su fito. Danna kowane harafi, gwada kowace kafa ta USB. Buɗe Command Prompt na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta nuna maka ƙarfin batir na asali da abin da ya rage. Sannan ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka gwada canza wani abu. Wannan na ƙarshen da kuɗina na koye shi: na taɓa sayen wata tsaf da ita, sai ranar da zan sake mata Windows ta nemi kalmar sirrin da mai sayarwar ma bai sani ba. Sai da mai gyara ya taɓa bodin kafin ta buɗe.

Wasu matsalolin kuwa dalilin neman ragi ne kawai. Batir, madannai, fanka, RAM da SSD duk ana canza su cikin sauƙi a irin waɗannan kwamfutocin. Mai zafi da ƙarar fanka sau tari ƙura ce ta toshe ta, a share a sa sabon man sanyaya ƙwaƙwalwa ta dawo daidai. In ka ga wurin shafa yatsa ya tasa sama, batir ne ya kumbura, a cire shi nan take kada a huda. Wadda ruwa ya shiga, ko wadda ke mutuwa da kanta ana cikin aiki, ko wadda aka taɓa gasa mata bodi da iska mai zafi, ita ce za ka ajiye ka nemi wata, ko da mai ita ya rantse an gyara.