Kafin ka ɗaga tsohuwar jif ɗinka a Kano

Tawa Land Cruiser ce, samfurin 80 da Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997. Shekaru sun sa bayanta ya zauna, da na loda buhunan taki zan nufi gona wajen Tudun Wada sai cikinta ya riƙa gogar ƙasa. Abin da ya sa na shiga neman yadda zan ɗaga ta ke nan, kuma na sha wuya kafin na gane hanya.

Mafi arha ita ce sifesa, wato zoben roba ko ƙarfe da ake cusawa a saman sifirin. Motar za ta tashi, amma sifirin da ya gaji yana nan da gajiyarsa. Akwai masu ɗaga bodi daga kan shasi, wannan ado ne, shasin bai motsa ba. Masu tsohuwar Pajero kuma sukan sa a ɗaure sandar toshin ta gaba, wadda ke aikin sifirin a wurin, motar ta yi tauri kamar amalanke, robar sibi, mai rufe gaɓar aksul ta gaba, ta yage da wuri.

Ni dai cikakken saiti nake so: sabbin sifirin huɗu da shoka huɗu da aka ƙera su tare. Mutanen Ostareliya ne gwanayen wannan, da irin su Old Man Emu na kamfanin ARB, da Ironman 4x4, da Dobinsons. Inci 2 ya ishe ka, kusan milimita 50 ke nan. In ka wuce haka sai ka nemi doguwar tiyon birki da wasu ƙarafan ƙasa, kashe kuɗi ba iyaka. Abin da ya fi burge ni shi ne sifirin nasu kala-kala ne gwargwadon nauyi. In kullum da kaya kake tafiya, ɗauki mai ƙarfi a baya. In yara kawai kake kaiwa makaranta, mai ƙarfin zai girgiza maka ƙashin baya a banza. Ko a inci 2 ɗin, kusurwar ƙafar gaba, wato kasta, tana canzawa, sitiyari ya riƙa yawo a kan titi, don haka a sa bushin gyaran kasta, a yi alaimen. Samfurin 80 da yawa suna da bawul a baya mai daidaita birki da nauyin kaya, shi ma sai an gyara masa zama. Ƙusoshin bushi kuwa, sai motar ta sauka kan tayoyinta ake ɗaure su tamau. Na ga bakanike ya ɗaure su tana kan jak, nan da nan bushin suka tsage.

Ka kuma sani, ɗagawa ba ta nisanta tulun aksul da ƙasa, babbar taya ce kaɗai ke yin haka. Motar da aka ɗaga kuma ta fi saurin kifewa a kwana.

Sai maganar jabu, inda aka ƙona ni. Wani mai shago ya miƙo min shoka huɗu ruwan ɗorawa, kalar Old Man Emu sak, yana cewa, "Alhaji, wallahi ɗan Beljiyam ne, daga jikin mota aka kwance." Farashin ya yi min daɗi, na biya. Ban ƙarasa dajin Falgore ba biyu suka fara zubar da mai. Da yaron gareji ya karce fentin da sukundireba, sai ga baƙin fenti a ƙasa. Tsofaffi ne aka wanke aka fesa.

Tun daga nan, ko a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko a ina, ba na zuwa sai da bakanikena. Ka danna shokan da hannu: mai gas zai miƙe da kansa a hankali, mai gas ɗin da ya zauna shiru ko yake ƙugi ya mutu. Duba sandar ciki ko akwai tsatsa ko karce, shafa bakinta ko da danshin mai. Lambar da ke jikinsa ka buga ta a intanet ka ga ko ta motarka ce, don sitika kowa na iya bugawa. Sifirin ma ba su tsira ba. Akwai masu gasa tsoho da wutar walda su ja shi ya ƙara tsawo, su shafa fenti. Ƙarfen da ya sha wuta ya rasa ƙwarinsa, zai sake zaunawa ko ya karye da kai a hanya. Sifirin ganye kuma, irin na bayan Hilux, sukan haɗa ganyen motoci daban-daban su ɗaure wuri guda. Ka karɓi rasit mai sunan shago, ku yi magana gaban shaida cewa in ya zubar da mai za a canza. Wanda ya ce maka "sayen na gani ne, Alhaji", ajiye masa kayansa ka leƙa shagon gaba.