Itacen Hunturu: Kirya, Marke Ko Dogon Yaro, Wanne Za Ka Saya?

Da an gama girbin dawa, iskar gabas ta fara tsage leɓe, masu itace sun san kasuwarsu ta buɗe. Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu ba girki kaɗai ke cin itacen gida ba: ga ruwan wanka, ga na alwalar asuba, ga wutar jin ɗumi da tsofaffi ke kewayewa bayan lisha. Mai saye don wannan lokaci garwashi yake nema, ba harshen wuta ba, kuma a nan itatuwa ke bambanta.

Idan da hali, sayi kirya. Ka ɗaga guntunta ka ɗaga na wani itace mai girmanta, hannunka zai faɗa maka dalili. Cikinta ja ne mai duhu, a matse yake kamar dutse, shi ya sa da ita ake sassaƙa turmi da taɓarya, kuma gawayinta maƙera ke nema tun kaka da kakanni. Ba ta kamawa da wuri, sai an tayar mata da ƙirare ko sirarun faskaren dogon yaro. Amma in ta kama, gungume biyu da aka haɗa musu kai bayan magariba, aka rufa musu toka kafin a kwanta, sukan bar garwashin da za a hura da asuba ba tare da ashana ba. Hayaƙinta kaɗan ne in ta bushe. Abin da ya fi ɗaukaka ta ga mai ajiya shi ne gara ba ta son jan cikinta. Za ta iya lasar ɓawo da farin gefen, ta bar ainihin itacen. Aibinta biyu: tana gajiyar da mai faskare, sannan ta yi wuya a ƙasar Kano da Katsina da Damagaram. Yawancin wadda ake gani a mota take zuwa daga dazukan kudu, inda masu gawayi suka riga suka yi mata ɓarna. Saboda haka tana da tsada, kuma saboda tsadar ake yi mata jabu.

Marke ne ke biye mata, tazarar ba yawa. Ɓawonsa toka-toka ne mai ɓarewa dabbare-dabbare, cikinsa ya fi na kirya haske, yana da zafi, ya kuma fi ta saurin kamawa. Wanda bai sami kirya ba ya sami marke bai yi asara ba. Bagaruwa ma tana da nauyi da garwashi, in ka jure ƙaya. Tsamiya wuta ce sosai, sai dai jijiyarta a murɗe take, ta karya ƙotar gatari da yawa, ban da cewa mutane da dama ba sa son taɓa ta don zancen iskoki. Geza da sabara, waɗanda ke cikin itacen da ya fi shiga Yamai, sirara ne masu kyau ga tukunya, ba na kwana da wuta ba.

Dogon yaro na girkin rana ne: ya tashi bal-bal, ya zama toka. Itacen turare a faskara shi yana ɗanye, in ya bushe sai ya gagari gatari. Malaina ba nauyi, ga riƙe ruwa. Kuka da rimi soso ne, ko kyauta aka ba ka, kuɗin dako ya fi su. Kaɗanya da ɗorawa da gawo kuwa, amfaninsu a tsaye ya fi wutarsu, kuma a Nijar saran gawo kan haɗa mutum da ma'aikatan gandun daji.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta. Dami irin na bakin hanya, sau da yawa fuska ce kawai: kirya ko marke huɗu a waje, malaina da ruɓaɓɓen mangwaro a ciki. Ka sa a kwance ɗaya, wanda kai ka zaɓa daga ƙasan tulin, ba wanda aka miƙo maka ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Lodin kura ko a-kori-kura shi ma a leƙa tsakiyarsa, domin akwai masu gicciya karkatattun rassa a ƙasa su bar kogo, su jera miƙaƙƙu a sama, mota ta cika da iska. Jan launi ma ba shaida ba ne, tsohon turare da wasu itatuwan suna da ja. Ka karɓi gatari ka ɓalli gefe: kirya ja ce har ciki, ga nauyin da ba a iya ƙirƙira.

Sai dai nauyin ma yana ruɗi, don ɗanyen itace yakan kai rabin nauyinsa ruwa ne, alhali wanda ya isa ƙonawa bai kamata ruwansa ya wuce kashi 20 cikin 100 ba. Kada ka yarda da sayen itace a kan sikeli sai ka tabbatar da bushewarsa. Ka gwara guda biyu: busasshe ƙara yake yi ƙwal-ƙwal, ɗanye kuwa dum. Ka duba bakin yankan, busasshe yana da tsaga-tsaga daga tsakiya zuwa gefe, ɓawonsa na saki. A yi hattara da wanda aka babbake bayansa a gobarar daji, baƙi a waje, jiƙe a ciki. In ka sa a wuta ka ji yana tsuwa, kumfa na fita ta ɗaya bakin, an riga an cuce ka: zafin da ya kamata ya ɗumama ɗaki yana tafiya wajen ƙafar da ruwa, kai kuma ka sha hayaƙi. Wanda ke zubar da gari ta ƙananan huji, ƙwaro ya riga ka cinye shi. Tsohon katakon rufi da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, da guntun turken lantarki, da katako mai fenti, duk arharsu kada su shiga murhu, hayaƙinsu guba ne.

Ma'auni mafi adalci shi ne irin na kasuwannin itace na karkara da Nijar ta kafa tun 1992: jeri mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 tsayi. Ko a inda ba a san shi ba, ka sa a sauke a jera maka a ƙasa kafin ka biya.

Gungume ya fi faskararre arha, amma ka lissafa ladan mai faskare, kuma ku yi jinga a kan tulin, ba a kan yini ba. A yanka santimita 40 zuwa 50, a faskara kamar kaurin damtse. A bi tsagar da itacen ya riga ya yi, a fara daga gefe, ba tsakiya ba. Wurin gaɓa sai an kafa ƙarfe a doka da guduma. Kiryar da aka sare a Oktoba ba za ta yi daɗin wuta a Disamba ba sai an faskara ta sirara an shanya. Mafi kyau a saya da bazara, a ajiye ta tsallake damina.

Wajen jeri, a aza a kan bulo ko duwatsu kamar santimita 20 daga ƙasa, a bar taki guda tsakaninsa da bango don iska ta ratsa, gara kuma kada ta sami gadar hawa gini. A gicciya na gefe biyu-biyu su riƙe sauran, tsayin kada ya wuce ƙirjin babba saboda yara. A rufe sama kaɗai da tsohon kwano. Naɗe shi da leda gumi yake sa shi ya ruɓe. A nisanta shi da zana da rumbu da murhu, hunturu lokacin gobara ne. Kuma kada a tura yaro ɗebo itace da duhu ba tocila, ƙarƙashin tuli ɗakin kunama ne da kububuwa.

Garwashin kirya, da yake ba ya hayaƙi, shi ya fi yaudarar mutane su shiga da kasko ɗaki su rufe ƙofa da taga. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ko launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, mai barci kuma ba ya farkawa. A ɗumama ɗakin taga a buɗe, a fitar da kaskon tsakar gida kafin a kwanta.