Likitan kifin da na ɗauko wa karfasata, abin da na gani

Cikin zafin watan Afrilu ne karfasa ta fara mutu min, kullum da asuba sai in tsinci goma sha wani abu a saman ruwa, wasu ido ya fito ƙulu-ƙulu, wasu suna ta juyi kamar an buga musu sanda a ka. Na zuba gishiri, na canja ruwa, shiru. Dole na kira wani likitan dabbobi da ya ƙware a harkar kifi, wanda yake zuwa gona duba ruwa da kifi duk wata.

Ni a zatona magani zai rubuta min ya tafi. Bawan Allah ya ƙi. Ya auna amoniya (gubar da ƙazantar kifi ke tarawa a ruwa) da iskar ruwan, ya farke kifi uku a gabana ya nuna min saifa ta kumbura, yace yana zargin wata ƙwayar bakteriya mai suna Streptococcus ce don ita ruwa mai ɗumi take so, amma ba zai bada antibayotik ba sai sakamakon lab ya fito. Yace in rage abinci tukun.

Inda naji kunya shine da ya tambayi raga nawa gareni. Ɗaya ce wlh, tanki shida raga ɗaya, da ita yaro yake kwashe matattu kuma da ita yake shiga lafiyayyen tanki, ga matattun ma tarwada muke jefa wa wai kar ayi asara. Ashe da hannuna nake raba cutar. Yanzu kowane tanki da ragarsa da bokitinsa, matattu rami muke binne su, a bakin ƙofa akwai ruwan magani na tsoma takalmi, ƴaƴan kifi sababbi kuma sai sunyi sati biyu a keɓe. Da na fara ƙorafin ɗawainiya sai ya bani labarin tafkin Volta a Ghana, yadda wata cutar bairos ta kifi da ake kira ISKNV ta kashe musu karfasa ba adadi a ƙarshen 2018, nayi tsit.

Matsalarsa biyu, kuɗinsa da ɗan zafi gaskiya, sannan sakamakon lab ya kusa sati kafin ya zo, kifi na mutuwa kana kiran waya ba'a ɗagawa, ranar kam raina ya ɓaci. Amma littafin da yasa nake rubuta mutuwar kullum ya nuna sati na uku abin ya tsaya. Na sake biyan na wata uku.