Hattara da masu sayar da tsohuwar Hilux cikin rigar sabuwa ga mai neman motar jan tirela

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga manoma, 'yan kwangila, masu haƙar rijiyar burtsatse, da duk mai neman a-kori-kura mai shan gas don jan ƙaramar tirela, ko ta taki ce, ko ta tankin ruwa, ko ta janareta. Akwai damfarar da ta yi yawa a wuraren sayar da motoci da shafukan Facebook da WhatsApp, kuma ta fi cutar da mai jan kaya. Mai yawon gari in an cuce shi, kuɗinsa ne suka tafi. Wanda ya ɗauro tan biyu a baya ya doshi gangara kuwa, ransa ne a ciki, da rayukan waɗanda ke gabansa.

Ga yadda ake haɗa ta. Za a samo Hilux tsohon samfuri, wadda aka yi ta ƙerawa har zuwa 2015, wadda ake kira Vigo. A kai ta wurin masu gyaran jiki, a cire bamba da fitilu da bonet da duk fuskar gaba, a ɗora na sabon samfurin da ya fito a 2015, wato Revo. A fesa fenti, a yi wa kujeru sabuwar riga, wani lokaci har dashbod a sauya. In mutum ya yi wa motarsa wannan kwalliya don jin daɗinsa, ba mai cewa don me. Cutar ita ce a fito da ita kasuwa a ce ƙirar 2018 ce, a ɗora miliyoyi a kan kuɗinta, sannan dillali ya bugi ƙirji ya ce maka, "Alhaji, wannan tan uku da rabi take ja." Tan uku da rabi adadi ne na wasu nau'o'in sabon samfurin masu injin dizal, shi ma da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. Tsohon samfurin iyakarsa ƙasa da tan uku. In kuwa tirelar ba ta da birki, irin wadda masu walda ke haɗawa da ƙafar tsohuwar mota, ƙa'idar ita ce kilo 750, har da nauyin ita kanta tirelar, komai sabuntar motar da ke janta.

Abin da ke tona asirin wannan aiki ɗan ƙaramin allo ne ko takarda da kamfani ya manna a ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet. A nan ake rubuta lambar samfuri, kuma ita ce ba a iya yi wa fenti. In ka ga KUN da lambobi biyu a bayanta, kamar KUN25 ko KUN26, tsohon samfuri ne mai injin 2KD na lita 2.5 ko 1KD na lita 3.0; mai lambobi uku kuwa, kamar KUN125, sabon samfuri ne. In GUN ce, kamar GUN125 ko GUN126, sabon samfuri ne mai injin 2GD na lita 2.4 ko 1GD na lita 2.8. LAN na nufin injin 5L-E, wanda ba shi da tabo (turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi): yana da juriya da haƙuri da gurɓataccen mai, amma ba shi da ƙarfin hawa tudu da kaya mai nauyi a baya. TGN kuwa motar fetur ce mai injin 1TR ko 2TR. Motar da allonta ya ce TGN amma ka buɗe bonet ka tarar da injin dizal, dashe aka yi mata, kuma ba ka da tabbacin giyar da ke ƙarƙashi da ƙafar baya sun dace da injin da aka dasa.

Sai ka dubi harafin da ke biye da lambar. L na nufin an ƙera ta da sitiyari a hagu, irin wadda ta dace da hanyoyin Najeriya da Nijar. R na nufin sitiyarinta na asali a dama yake. Saboda haka KUN26R mai sitiyari a hagu, juya mata hannu aka yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai jan kaya, domin juyin hannu yana taɓa sandar sitiyari, da famfon birki, da bututun man birki, da wayoyin mota, kuma sau da yawa da yanka da walda ake gama shi. Leƙa ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja da tocila. Za ka ga ramukan da aka toshe da faci ko baƙin gam a bangon da ya raba inji da cikin mota. Dubi yadda waifa ke kwanciya, da wurin da maɓallin buɗe bonet yake. Mu dai ba mu ba kowa shawarar ya ja ko da buhu goma da motar da aka juya wa hannu.

Lambar casis mai haruffa da lambobi 17 ita ma tana magana. Wadda ta fara da MR0 a Tailan aka ƙera ta, AHT kuma Afirka ta Kudu. Wanda ya ce maka Hilux ɗinsa 'yar Amurka ce, ka san da wa kake magana: tun 1995 Tacoma ta maye gurbinta a can. Dillalai kan nuna wa mai saye harafi na 10 su ce shi ne shekarar ƙira. Wannan ƙa'idar motocin kasuwar Amurka ce, kar ka dogara da ita a kan Hilux. Gara ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka karanta shekarar da ke kan ɗan ƙyallen da aka ɗinka a gindinsa. Sannan ka durƙusa ka nemo lambar da aka buga a jikin ƙarfen casis ta ɓangaren dama, ka wanke wurin da fetur, ka shafa da yatsa. In ƙarfen ya yi kwari kamar an goge shi da injin niƙa ƙarfe, ko haruffan ba su jeru daidai ba, ko akwai layin walda ya kewaye lambar, tashi ka kakkaɓe rigarka. Dole lambar casis, da ta allo, da ta takardun kwastam su zama abu ɗaya, harafi da harafi.

Tunda ka riga ka shiga ƙarƙashi, ka ƙarasa aikin. Motocin Beljiyam da suka yi zama a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa na cin casis ɗinsu daga ciki. 'Yan damfara na fesa baƙin fenti mai kauri a kai. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi ƙarfen kana ƙwanƙwasawa, musamman tsakanin kan mota da bodi, da wurin da sifirin ɗin baya ke rataye. Lafiyayyen ƙarfe yana amo, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji tim, har ɓawon tsatsa ya zubo maka a fuska. Duba ko furofelar gaba tana nan, domin ana cire ta a ɓoye matsalar giyar taimako, a bar maka rubutun 4x4 a jikin bodi. Busasshen laka a cikin ramukan casis, tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, da warin danshi da aka danne da turare, alamun motar da ta kwana cikin ambaliya ne.

Yanzu ƙarfen ja, wanda shi ne aka fi yin wasa da rai a kansa. Na gaskiya da manyan notoci ake ɗaure shi a ramukan da kamfani ya tanada a casis, notocin da aka buga wa lamba 8.8 ko sama a kansu, kuma yana da allonsa mai nuna nauyin da zai ja da nauyin da zai ɗauka a kan ƙwallon da bakin tirela ke hawa. Na bogi kuwa bututu ne aka yi wa walda a jikin bamba ko a casis, aka shafa baƙin fenti. Zafin walda na raunana ƙarfen casis, kuma daga gefen waldar tsagewa ke farawa. Girman ƙwallon ma abin aunawa ne: na Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai inci 2, akwai inci 1 da 7/8, akwai inci 2 da 5/16. A ido wasu sun yi kama da juna. Bakin tirela mai faɗi a kan ƙaramin ƙwallo zai zauna lafiya a fili, sai an faɗa rami ya yi tsalle ya fita.

Lissafin nauyi ba shi da wuya. A allon motocin da aka ƙera don Turai akwai lambobi huɗu a jere. Ta farko iyakar nauyin motar da kayanta, ta biyu iyakar motar da tirela a haɗe, sauran biyun na ƙafar gaba da ta baya. A ce ta farko 3,200, ta biyu 5,900. In ka cika motar taf, abin da ya rage wa tirela kilo 2,700 ne. Tankin ruwa mai lita 2,000 ruwansa kaɗai tan biyu ne, ba a sa nauyin tanki da ƙarafan tirela ba. Buhun taki 40 masu kilo 50 su ma tan biyu ne. Kuma nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙwallo, wanda ya kamata ya zama kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, a cikin kayan motar ake lissafa shi. In ya yi kaɗan tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya da gudu, in ya yi yawa gaban mota ya ɗage, sitiyari ya yi sakwa-sakwa.

Inji kuma, ka je da sassafe ba tare da ka faɗi sa'ar zuwanka ba, ka ɗora hannu a kansa. In da ɗumi, an riga an tayar da shi don kar ka ga yadda yake tashi da sanyi. Murɗa makulli kar ka tayar, ka ƙirga fitilun dashbod: ta inji, ta ABS, ta baƙin mai, duk su kama sannan su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ta aka yi ko aka liƙe. Wannan ya fi yawa a motocin Turai da aka fasa wa matatar hayaƙi ta DPF. Inji na aiki mota na tsaye, kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi sako-sako a bakin ramin. In yana rawa kaɗan ba komai, in hayaƙi na tunkuɗo shi kamar murfin tukunya, zobban fistin sun gaji. Baƙin mai mai kauri kamar zuma an zuba ne don a danne ƙara da shuɗin hayaƙi. Da sanyin inji, buɗe murfin lagireto ka tayar: kumfa mai tasowa ba tsayawa alamar gasket ne. Tambayi ko tamostat na ciki, don cire shi da ɗaure fanka kai tsaye tsohuwar dabara ce ta ɓoye zafi, kuma zafin zai dawo ranar da ka ɗaura kaya ka doshi tudu da rana tsaka.

Kar ka saya ba tare da bakanikenka ya jona kwamfuta ba. A injin 1KD da 2KD, a sa ya karanta gyaran da kwamfutar motar ke yi wa kowace injekta: wadda ta haura 3.0 sama ko ƙasa ta fara lalacewa, kuma lalatacciyar injekta kan fasa kan fistin in ana aiki mai nauyi. Waɗannan injuna biyu da bel suke aiki, ana canza shi a kilomita 150,000, lokacin da fitilar T-BELT ke kamawa. Injunan GD sarƙa gare su. Don haka "ƙirar 2018" da aka ce injin GD gare ta, amma ga murfin bel a gaban inji, ta faɗi sunanta da kanta. Mitar da ke nuna kilomita 80,000 alhali robar feda ta cinye har ƙarfe, sitiyari ya yi santsi, mayar da ita baya aka yi. A gwajin hanya, sa giya ta huɗu da ƙaramin gudu ka take totur: in ƙarar inji ta hau gudu bai ƙaru ba, kuloci ya tafi. In mai sarrafa giya da kanta ce, man giya mai warin ƙuna ya isa hujja. Mai sayarwa da ya hana a ɗaura tirela a gwada motar da aka tallata don jan tirela, akwai abin da yake ɓoyewa.

Akwai kuma waɗanda ba su da motar ma. Za ka ga shafi da hoton mutum cikin kakin kwastam, da jerin Hilux a farashin da ko Corolla ba zai saya ba, a ce gwanjo ake yi, ka biya kuɗin fom ko kafin alƙalami cikin asusun wani mutum. Hukumar Kwastam ta Najeriya ta sha nanata cewa ba ta gwanjo ta Facebook ko WhatsApp. Tun 2017 ta shafinta na intanet take yi, kuma sai mai lambar haraji ta TIN ke shiga. A ranar 1 ga Janairun 2017 ɗin nan ne kuma aka hana shigo da motoci Najeriya ta iyakokin ƙasa, saboda haka motar da aka ce ta Kwatano ce, ka kai lambar takardar diyutinta ofishin kwastam da ƙafarka a tabbatar maka kafin kuɗi su fita. Takardar bogi ba ta hana a ƙwace mota a hanya, kuma ranar da aka ƙwace ba za ka ga dillali ba.

In komai ya yi daidai, ka biya ta banki, cikin asusun da sunansa ya dace da sunan da ke kan takardun mallaka. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, a sa shekarar ƙira, da lambar samfuri, da lambar casis, da lambar inji, da kilomitar da mita ke nunawa, mai sayarwa ya sa hannu cewa ba a juya mata hannu ba, ba a sauya mata fuska ba. Wanda aka riga aka cuta ya adana hotunan tallar, da saƙonnin waya, da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC kafin a goge shafin.